Babu hanyar gaggawa ta kawo Inna Faransa, kada ka biya dillalin nan

Wani ɗan Tawa da ke aiki a Marseille ya rubuto mini. Mahaifiyarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki, yayansa yana ta waya yana cewa ya ɗauke ta zuwa Faransa, kuma wani dillali a Yamai ya ce da miliyan 2 na sefa zai gaggauta musu takardun haɗa iyali. Katinsa na izinin zama a Faransa saura wata 2 ya ƙare.

Ƙanena, Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne.

Kada ka tura ko dala. Haɗa iyali da ake nema ta hannun OFII, hukumar Faransa mai kula da baƙi masu shigowa ƙasar, na mata ko miji ne da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba. Uwa ba ta ciki. To me dillalin zai gaggauta? Akwai bizar iyayen da ɗansu ke ciyarwa, amma wannan ta wanda ya riga ya zama ɗan ƙasar Faransa ce, kai kuwa kati ke hannunka. Bizar jinya tana nan, sai dai tana son asibitin can ya yarda ya karɓe ta, a kuma nuna kuɗin maganin. Ga shi ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024. Ka tambayi mutumin nan ƙofar da zai kai takardun.

Na ga irinsa. Wani yaro ya sa aka sayar da gonar gado, aka miƙa wa dillali kuɗi da fasfo ɗin tsohuwa. Har aka yi mata sutura fasfon bai dawo ba.

Abin da ya fi damuna katinka ne. Ka shigar da neman sabuntawa yau. In zuciya ta ɗebe ka ka taho gida, katin ya mutu kana Tawa, komawa sai da sabuwar biza, kuma albashin da ke sayen maganin Inna ya tsaya. Sabon kati na shiga hannunka, ka nemi hutu wajen aiki, ka zo ta gan ka da idonta.

Yayanka kuma, da girmansa, bai kyauta ba. Shi ke kwana gari ɗaya da ita. Juya ta a shimfiɗa, wanka, ba ta fura a baki, kai ta gashin ƙashi, duk ba su jiran biza. Ɗora maka laifi yana nema ya sauke nasa nauyin ne. Ka gaya masa cikin ladabi: kuɗin da za a ba dillali a kai Inna Yamai ta ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a ɗauki mai jinya, kuma kuɗin magani ka riƙa tura su hannun wadda ke kwana ɗakinta.