Zan iya haɗa alminiyum da baƙin ƙarfe ta hanyar feshi?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ni mai walda ne a Sakkwato. Ina son in yi wa kekunan dakon albasa akwati da alminiyum don rage nauyi, amma duk inda na haɗa shi da firam ɗin ƙarfe sai ya tsage. An ce in fesa fentin azurfa na gwangwani kafin walda. Kuɗin mutane ne a hannuna, ina tsoro.

Amsa: Malam, tsoronka na kan hanya. Rage nauyin dabara ce, tunda nauyin alminiyum wajen kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe. Matsalar ita ce yana narkewa a digiri 660, ƙarfe kuwa sai wajen 1,500. In suka narke tare, wani ɓawo mai gautsi ke fitowa a tsakaninsu, ya karye kamar tangaran.

Feshin da injiniyoyi ke nufi daban ne. Akwai feshin sanyi, wanda masana suka gano a birnin Novosibirsk na Rasha a shekarun 1980: iskar naitirojin ko hiliyam ke harba garin alminiyum da gudun da ya fi na sauti, ya manne a jikin ƙarfen ba tare da ya narke ba. A kan wannan shimfiɗar ake walda, alminiyum da ɗan'uwansa, kuma da wuta kaɗan, domin in zafi ya ratsa ƙasa ɓawon nan zai dawo.

Batun gwangwanin nan kuwa ya ishe ni. Kusan kullum sai an kawo min shi. Fenti ne, Malam! Ƙyalli ne cikin danƙo. Wuta na taɓa shi ya ƙone, ya cika ɗinkin waldar da ramuka, kai kuma ka shaƙi hayaƙin. Abin da ya fi ba ni haushi, ɗinkin kan fito sumul, mai keke ya biya ya tafi. Sai ya ɗauko buhuna daga kasuwar Kara, ya faɗa rami ɗaya, akwati ya rabu da firam a tsakiyar titi, ga 'yan makaranta a bayansa. Wanda ya ba ka shawarar ba za a gan shi ba ranar, sunanka za a kira. Ku ji tsoron Allah, masu koya wa yara wannan a gareji.

Injin feshin sanyi ya fi ƙarfin shagon unguwa. Kai dai ka huda ka ɗaure da ribit ko noti, ka sa roba tsakanin ƙarafan biyu saboda ruwan damina kada ya ci alminiyum ɗin. Ka ɗan buɗa ramukan, domin a zafin Afrilu alminiyum na miƙewa kusan ninki biyu na ƙarfe.