Ga uwar da za a yi wa ɗanta aikin ƙwaƙwalwa

'Yar'uwa, kin ce an gano ƙari a bayan ƙwaƙwalwar ɗanki mai shekara biyar, za a shiga da shi tiyata mako mai zuwa, kina neman wadda ta bi wannan hanya ta faɗa miki abin da ke gaba. Allah ya ba shi lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a. Ni na bi ta da 'yata, lokacin shekararta shida.

Tata cutar ita ce medulobulastoma, sankarar ƙwaƙwalwa da ta fi kama yara. Da aman asuba ta faro, sai ciwon kai, sai tafiya tana tangaɗi. Ƙarin ne ya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, ruwan ya taru yana danne ta. Ba lallai irinta ce a jikin ɗanki ba, sai an ciro an auna za a tabbatar, don haka ki ɗauki maganata a matsayin labarin uwa, shawarar magani kuwa ta likitocinsa ce.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki shi ne shirun da ya biyo bayan aikin. Ta farfaɗo lafiya, har ta kira ni ta nemi ruwa. Kwana biyu bayan haka magana ta ɗauke cak. Idonta biyu, tana kallona, amma ko "Mama" ba ta iya cewa, sai kuka mai tsawo da ba ka san dalilinsa ba. Hannunta ba ƙwari, haɗiya ma da ƙyar. Wallahi na ɗauka na rasa ta tana raye. Daga baya aka yi mana bayani cewa hakan na samun kusan yaro ɗaya cikin huɗu da aka cire wa irin wannan ƙari a wannan wuri, kuma maganar kan dawo cikin makonni ko watanni. Da na san haka tun farko, da ban kwana uku ina kuka a bakin ƙofa ba. Ki tambayi likitan tiyata wannan tun yanzu, kai tsaye, kada kunya ta hana ki.

Kuma tana jin komai a cikin shirun nan. Na gane haka ranar da wata mai dubiya ta ce "wayyo, ta zama bebiya" a gabanta, hawaye suka zubo mata. Tun daga ranar na hana a yi zancenta a kanta. Muka koma matse hannu: sau ɗaya e, sau biyu a'a. Sai a mako na bakwai kalma ta fito, a jajjaye, cikin muryar da ban saba da ita ba. Mai koyar da magana da mai motsa jiki sun yi mana aikin da ba zan manta ba.

Kamar mako biyu da aiki aka ɗebi ruwan ƙashin bayanta a duba ko cutar ta bazu. Sai gashi a na'ura, wato haska mata hasken da ke ƙona ƙwayoyin sankara, a kai da ƙashin baya, sau 30 cikin mako shida, Litinin zuwa Juma'a. Ba ya ciwo, kwanciya ba motsi ce wahalar, shi ya sa da farko sai da allurar barci. Bayan haka kemo na watanni, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara. Cikin magungunan, sisfilatin ya taɓa mata ji, binkiristin ya sa ta ciwon ƙafa da taurin bayan gida. Ki nemi a riƙa gwada jinsa kafin kowane zagaye.

Ɗaya kuma, ki riƙe ta da kyau: lokacin kemo zazzaɓi ba abin jira ba ne. Garkuwar jiki na faɗuwa ƙasa warwas. Ma'aunin zafi ya nuna 38, asibiti kawai, ko da tsakar dare ne, kuma kada ki ba shi maganin zazzaɓi kafin ki kira su. Sau ɗaya na ce bari gari ya waye, har yau ina jin zafin wannan sakaci a raina.

Yanzu tana makaranta da na'urar ji a kunne. Karatu na ɗaukar ta lokaci, ana bin tsawonta saboda gashin na'urar yakan rage girma, ni kuma daren da za a wayi gari a yi mata hoton ƙwaƙwalwa na MRI ba na runtsawa.

Kafin ranar aikin ki ɗauki muryarsa a waya, yana hira ko yana dariya. Tamu bisa katari muka samu, 'yar minti ɗaya tana ƙirga yatsunta, ita nake kunna mana mu biyu duk dare a makonnin nan bakwai.