Tambaya da Amsa: Tsallake teku a kan keke a Japan

TAMBAYA: Malam barka da aiki, zan je kwas Hiroshima, wai da gaske akwai inda ake tsallake teku da keke? Ni fa rabona da keke tun ina kai niƙa Tudun Wada. Daga Samaru, Zariya.

AMSA: Akwai ƙanina, Shimanami Kaido ake ce wa hanyar, daga garin Onomichi da ke lardin Hiroshima zuwa garin Imabari kusan kilomita 70 ta tsibirai 6 da gadoji suka haɗa. Keken haya za ka ɗauka, tsallaken farko a jirgin ruwa ake yi, daga nan ka bi shuɗin layin gefen titi ba ka ɓata. Kowace gada sai an hau tudu kafin a kai ta, to kar ka ce sai ka ƙure, cinyoyinka ba za su yafe maka ba. Ka tsaya Setoda garin lemon tsami, ka huta ka hau jirgin ruwa ka koma Onomichi.