Yadda za ka daina ɗage rubutun digirinka na uku

Ka ce watanni sun wuce babi na biyu na nan yadda ka bar shi, kullum sai ka ce gobe. Yawanci ba lalaci ba ne, aikin ne ya yi girma har ka rasa ta inda za ka kama, sai hannu ya zarce ga waya. Datsa shi: yau taƙaita maƙalu 3, kalmomi 150 kowace.

Ware awa 2 da safe kafin ka buɗe imel, wayar tana wani ɗaki. Gwada tsarin Pomodoro: minti 25 aiki, minti 5 hutu, bayan zagaye 4 ka huta minti 20.

Kada ka haɗa rubutu da gyara a zama ɗaya. Wanda ya tsaya gyara jimlar farko sau goma, rana za ta faɗi bai cika shafi ba. Karatu ma kan zama maɓoya, ka yi ta tara maƙalu kana ganin aiki kake yi. Duk wadda ka karanta, rubuta layi 5 a kanta nan take cikin Zotero, manhajar adana maƙalu da bayanansu.

Sannan ku tsayar da rana da malamin da ke duba aikinka: shafi 5 duk sati 2, ko da ba su gyaru ba.