Kada ka taɓa inetOrgPerson, ka gina taka sikimar

Ka ce kana so ka buɗe fayil ɗin inetOrgPerson, sikimar da ke tsara guraben bayanan mutum, a sabar OpenLDAP mai ajiye kundin bayanan ma'aikata, ka ƙara gurbin lambar katin shiga na ma'aikata, sannan sikirif ya riƙa yin haka a kowace sabuwar na'ura. A'a, yarona. Wannan sikimar ba taka ba ce. Takardar ƙa'idar intanet RFC 2798 ce ta tsara ta, kuma duk manhajar da ke magana da sabar ta ɗauka haka take. Su ma fayilolin cikin slapd.d, inda sabar ke ajiye saitunanta, ba a gyara su da hannu, kowanne yana da lambar tantancewa a samansa, kana taɓawa slapd, manhajar sabar, zai yi ƙorafi.

Fara duba ko abin da kake nema yana nan. employeeNumber da departmentNumber suna ciki tuni, mutane na ta sake ƙera su a banza.

In babu, ka nemi lambar OID, wato lambar shaida da ba ta karo da ta kowa, ta ma'aikatarku daga IANA, hukumar da ke raba irin waɗannan lambobi. Kyauta ce, tana ƙarƙashin 1.3.6.1.4.1. Kada ka ari ta wani, kada kuma ka ƙago daga kanka. Ka ware reshe ɗaya don guraben bayani, ɗaya don azuzuwan da ke tattara guraben, ka sa wa sunayen wani ɗan harafi na ma'aikata a gaba don kada su yi karo da na wasu.

Ajin naka ya zama AUXILIARY, wato na taimako. Ka riƙe wannan sosai. Ajin STRUCTURAL shi ne ƙashin bayan shigarwa, ba ya canzuwa sai an goge mutum an sake shigar da shi, shi kuwa na taimako kana liƙa shi a kan waɗanda suke nan ba tare da ka tashi kowa ba. Kowane gurbi ka ba shi EQUALITY, ƙa'idar daidaita bayani lokacin nema. In ka manta, bayanin zai shiga lafiya lau, amma ka neme shi da daidaitawa ka rasa, ka yi ta zargin manhaja. Wanda za a riƙa nema kullum, ka sa masa olcDbIndex, fihirisar da ke hanzarta nema.

Batun sikirif kuwa, sikimar ta zauna a fayil ɗin LDIF, tsarin rubutun da sabar ke karɓa, cikin git mai adana tarihin canje-canje. Sikirif ya fara leƙa cn=schema,cn=config, inda sikimomi ke zama, da ldapsearch, in babu ita sannan ya kira ldapadd -Y EXTERNAL -H ldapi:///. In ba haka ba, karo na biyu zai tsaya da kuskuren maimaici, ko da Ansible, manhajar saita na'urori, kake kiransa. Jerin shigar da sikimomi ma da muhimmanci: core, cosine, inetorgperson, sannan taka. Sabobin da ke kwafar bayani su karɓi sikimar kafin bayanin ya iso gare su.

Kafin komai, ka ajiye kwafin saitunan sabar da slapcat -n 0, don cire sikima ya fi sa ta wuya nesa ba kusa ba. Gurbin da mutane suka fara amfani da shi, kada ka sauya masa ma'ana. Ka sa masa OBSOLETE, alamar an daina amfani da shi, ka buɗe sabo da sabuwar lamba.