Tambaya da Amsa: Wai kwamfutocin nan ba sa magana da juna ne?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah abun nan ya daɗe yana ɗaure min kai. A waya in na sauke sabuwar manhaja maɓallin Google kawai nake dannawa ta gane ni, amma na yi BVN na yi NIN na yi katin zaɓe ko'ina sai hoto da dangwale daga farko, satin da ya wuce ma bankina suka dawo da ni wai sunana bai zo ɗaya ba. Su kwamfutocin ba sa magana da juna ne? Ɗalibi daga Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Suna magana, amma sai in mudunsu ɗaya. Ka je kasuwar Sabon Gari ka auni masara da mudun wani, ka kai Tudun Wada a sake aunawa da wani mudun daban, ai rigima za a yi ko ba wanda ya cuci wani.

Maɓallin Google ɗin nan mudu ɗaya ne kamfanoni suka yarda da shi, sunansa OpenID Connect, ya fito a 2014, an ɗora shi kan wani tsari da ake kira OAuth 2.0 na 2012. Kana dannawa manhajar za ta tura ka wajen Google, shi ya tabbatar kai ne, sai ya ba ta 'yar takardar shaida mai sa hannu irin na kwamfuta, kamar dai mai unguwa ya rubuta cewa yaron nan namu ne, kuma fa manhajar ko fasawod ɗinka ba ta gani, abun da ya fi burge ni kenan wallahi.

Toh namu na gida kowa da rajistarsa ya fara. An kafa NIMC, hukumar da ke ba da NIN, a 2007, Babban Banki ya kawo BVN a 2014, INEC da tata rajistar, daga baya ake ta ɗinke su, shi ya sa a Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, JAMB ma ta fara neman NIN a 2021. A wajen ɗinkin ne ake gane ɓarakar. Nan an rubuta Muhammad, can Mohammed, wani wurin Muh'd, wani ya sa sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi, ranar haihuwa kuwa kada ma a yi magana, mutanenmu nawa ne aka rubuta musu 1 ga Janairu dan kawai a wuce wurin. Ni da kai mun san mutum ɗaya ne, ita kwamfuta harafi take ƙirgawa.

Dan haka ka ɗauko takardar NIN ɗinka ka jera da bayanan banki da na makaranta harafi da harafi, ka ga wanne ya kauce ka je a gyara shi a ofishinsu, ba wajen yaran da ke cewa kawo dubu biyu a yi maka ta WhatsApp ba.

Shi ma Google ɗin da kake yabo ka kunna masa tantancewa mai mataki biyu yau ɗin nan, wato bayan fasawod sai an sake tabbatar da kai ne ta wata hanyar kamar wayarka, dan duk wanda ya samu shiga akawun ɗin ya shiga duk manhajojin da ka buɗe da shi.