Yadda Ake Gane Bawul ɗin Babur Idan Ya Lanƙwashe

Ɗana, tambayar da ka yi mini a kan babur Boxer ɗin ɗan acaɓan nan na Rigasa tana buƙatar amsa a tsanake, shi ya sa na ga ya fi dacewa in rubuta maka ita. Ka ce an sa sabon ringi, an niƙa bawul, wato ƙarfen da yake buɗe da rufe hanyar shigar mai da ta fitar hayaƙi, amma har yanzu kik yana sauka babu nauyi, babur kuma ba ya tashi sai an tura shi, sannan da ka ciro bawul ɗin ka ɗaga shi a hasken rana ka ga a miƙe yake. Kana so ka san yadda za ka tabbatar ko ya lanƙwashe ko kuwa matsalar tana wani wuri dabam.

Ka fara cire wa ranka cewa ido zai raba maka wannan gardama. Bawul ɗin da ya karkace har kowa yana gani daga nesa ba ya wahalar da bakanike, domin shi da kansa yake faɗin laifinsa. Wanda yake cinye wa mutum yini shi ne wanda fistin ya ɗan taɓa kaɗan. Littattafan kamfanonin babura da yawa ba sa yarda karkacewar sandar bawul ta wuce milimita 0.05, wasu ma sun tsaya a 0.01, wato abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Wannan tsanani yana da dalili. A injin da ake zuba wa baƙin mai dabam da fetur, kam, wato ƙarfen da yake juyawa ya tura bawul ya buɗe, yana yin zagaye ɗaya ne duk lokacin da kiranshaf, wato ƙarfen da fistin yake juyawa, ya yi biyu, saboda haka idan injin yana juyi 6,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 3,000, wato sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma a kowane rufewa dole ne bakinsa ya zauna daidai a kan mazauninsa ta kowane gefe, a kan zobe siriri da faɗinsa bai wuce kimanin milimita ɗaya ba. Idan gefe ɗaya ya riga ɗaya sauka, iskar da fistin yake matsewa za ta sulale ta ɗaya gefen. Ka kuma sani cewa lanƙwasar ba kasafai take zama a tsakiyar sanda ba. Mafi yawa a wuya take, daidai inda sanda ta haɗu da faifan bawul, domin fistin gefen faifan yake duka, sandar kuwa gayid, wato bututun da take zarya a ciki, yana riƙe da ita.

Da ka zo mini kafin a kwance injin, da na sa ka buɗe murfin roka, wato ƙarfen da yake danna kan sandar bawul, ka auna ratar da ke tsakaninsu, domin ita ce shaidar da ta fi kowace araha. Ka juya maganeto har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin murfi, a zagayen da rokoki biyu suke sake, sannan ka zura fila geji, wato siririn ƙarfen auna rata, tsakanin roka da ƙarshen sandar bawul. Yawancin ƙananan baburan da muke gani a garin nan ratarsu tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10 ne idan injin ya huce. Bawul ɗin da ya lanƙwashe ba ya komawa mazauninsa gaba ɗaya, don haka sandarsa takan tsaya ƙasa da inda ta saba, sai ka tarar da rata ta buɗe ƙwarai alhali goron ajasta yana nan a ɗaure babu wanda ya taɓa shi. Bawul ɗin da ya cinye mazauninsa saboda tsufa akasin haka yake yi, ratarsa matsewa take yi. Bayan wannan, ka ɗiga baƙin mai kamar ƙaramin cokali ta ramin fulogi ka sake buga kik. Idan nauyi ya dawo, ringi ne yake sakin iska, domin man ya toshe masa hanya na ɗan lokaci, idan kuwa babu abin da ya canza, to ka mayar da hankalinka sama. Inda akwai injin iska na mai faci a kusa, ana iya hura iska ta ramin fulogi yayin da fistin yake sama, wani ya riƙe maganeto kada ya juya, kai kuma ka kasa kunne. Huci ta kafireta yana nuna bawul ɗin shigar mai, huci ta salansa yana nuna na fitar hayaƙi, huci ta bakin zuba baƙin mai kuwa na ringi ne.

Tunda an riga an sauke tof silinda, wato kan injin da bawul suke zaune a ciki, kada ka goge saman fistin sai ka dube shi da kyau. Tabo mai sheƙi, mai siffar jinjirin wata, a cikin baƙin kabon yana nufin faifan bawul ya sauka a wurin, kuma gefen da tabon yake shi zai gaya maka wanne daga cikin biyun ne. Na shigar mai shi ne mai faɗin faifai. Daga nan ka mayar da bawul ɗin da sifirin ɗinsu kamar yadda suke, ka jingine tof ɗin, ka cika ramin da kafireta take ɗaurewa da fetur ko kananzir, ka bushe ɓangaren faifan da tsumma, ka zuba ido na 'yan mintoci. Bawul mai lafiya zai bar wurin a bushe. Idan ka ga naso yana fitowa ta gefe ɗaya, akwai yoyo, sai ka juya ka yi wa ramin salansa haka nan. Sai dai wannan gwaji yoyo kawai yake nunawa, ba ya faɗin dalilinsa, domin ƙonewar bakin bawul da guntun kabon da ya maƙale a mazauni duk suna kawo naso iri ɗaya.

Wajen cire sifirin ka yi amfani da abin matse shi. Na san yara da yawa soket suke ɗorawa su maka guduma, ƙananan makullan nan biyu da suke riƙe sifirin a jikin sandar bawul su yi tsalle a shiga neman su cikin ƙasa, amma idan faifan yana kan benci lokacin da aka buga, wannan dukan kaɗai ya isa ya karkatar da bawul ɗin da ya zo da lafiyarsa. Idan sifirin ya fita, ka wanke sandar, ka shafa mata ɗan mai, ka tura ta cikin gayid da yatsa. Ya kamata ta yi zarya sumul daga farko har ƙarshe. Wadda take tafiya lafiya sai ta kusa rufewa ta cije, ko wadda take cijewa a wuri ɗaya duk lokacin da ka murza ta, ta riga ta ba ka rabin amsa. Ka zaunar da bawul ɗin a mazauninsa da yatsa, ka haska fitilar waya ta cikin ramin a wuri mai duhu, ka murza shi a hankali kana kallon ko haske zai leƙo ta gefe.

Gwajin gilashi kowa ya san shi, amma da yawa ba sa yin sa daidai. Ka samo gilashi mai kauri ko madubi, ka goge shi tas, ka kankare kabon ɗin da ke wuyan bawul da burushin waya, sannan ka kwantar da sandar a kan gilashin, faifan kuma ya rataya a waje ta bakin gilashi. Ka gangara shi da tafin yatsa, idonka yana daidai da saman gilashin. Sandar da ta lanƙwashe za ta riƙa ɗagawa tana sauka, haske yana ɓullowa ta ƙarƙashinta yana ɓacewa, kuma za ka iya gwada zura fila geji na 0.05 a inda ta ɗaga. Inda ake kuskure shi ne a tsaya kallon sanda kaɗai. Ka ɗora wani abu tsayayye, ko da kan fensir ne, dab da gefen faifan, ka lura ko faifan yana matsowa yana ja da baya yayin da yake juyawa, domin sanda tana iya kwanciya lafiya a gilashi alhali wuyan ya karkace. Wasu suna ɗaure sandar a bakin diril su juya ta a hankali su ga ko faifan zai yi tangaɗi. Wannan ma yana aiki, amma bakin diril ɗin da ya sha wahala shi ma yana rawa, don haka ka fara ɗaura sabon bawul ka ga yadda yake juyawa, sannan ka kwatanta. Wanda yake son lamba tabbatacciya sai ya kai wa masu sassaƙa ƙarfe a kasuwar Panteka ta Kaduna waɗanda suke da agogon awo, su kwantar da sandar a kan ƙarfe mai kwari su ɗora allurar a jikin sanda da kuma bakin faifai.

Ni dai gwajin da na fi amincewa da shi a garejin da ba shi da agogon awo shi ne na fensir, domin shi ne yake raba laifin bawul da laifin mazauni. Ka ja gajerun layuka da fensir a kan bakin bawul, wato gangaren nan mai digiri 45 da yake zama a mazauni, ka zagaye shi duka da layuka kamar goma sha biyu. Ka sa alama ɗaya a saman faifan domin ka san inda ya fuskanta. Ka zaunar da shi, ka danna da yatsa, ka ɗan murza shi kaɗan hagu da dama ba tare da ya yi zagaye ba, sannan ka ciro ka duba. Idan duk layukan sun yanke a tsakiya, zamansa daidai ne. Idan na gefe ɗaya sun goge, na ɗaya gefen suna nan daram, kada ka yanke hukunci tukuna. Ka sabunta layukan, ka juya bawul ɗin rabin zagaye yadda alamarka za ta koma ɗaya ɓangaren, ka maimaita. Idan layukan da suka ƙi gogewa suna nan a gefen bawul ɗin da suke tun farko, wato matsalar ta bi bawul ta juya tare da shi, to bawul ne ya lanƙwashe. Idan kuwa wurin da ba ya taɓawa ya tsaya a ɓangare ɗaya na tof silinda duk yadda ka juya bawul, laifin na mazauni ne ko na gayid, kuma sayen sabon bawul kaɗai ba zai warkar da shi ba.

Yanzu ka ga dalilin da ya sa niƙan da kuka yi bai yi amfani ba. Man niƙa ƙananan ramuka da kaushi yake sharewa, ba ya miƙar da ƙarfe. Duk wanda ya dage da niƙa karkataccen bawul mazaunin yake ci, ya faɗaɗa shi, har sabon bawul ɗin da za a sa daga baya ya rasa wurin zama mai kyau. Miƙarwa da guduma kuwa ban yarda a yi ta a garejina ba, ko da mai babur ya roƙa saboda rashin kuɗi. Bawul ɗin hayaƙi yana aiki ne cikin zafin da yake kai wa digiri 700 ko fiye, kuma ƙarfen da aka lanƙwasa aka sake miƙarwa yakan ɓoye tsaga a wuya. Ranar da faifan ya cire ya faɗa cikin silinda ana tsakiyar gudu, fistin da tof silinda, wani lokaci har da silindar kanta, duk za su tafi tare, kuma tayar baya tana iya kullewa da fasinja a kai. Ka yi wa mai babur wannan lissafin a fili, yawancinsu suna fahimta.

Kada ka rufe injin sai ka gano abin da ya haɗa fistin da bawul, domin ba sa haɗuwa haka kawai. A Boxer da sauran masu kam a sama, sarkar tayimin ce abar zargi ta farko. Idan ta miƙe ko abin ɗame ta ya gaji, takan tsallake haƙori, kam ya daina tafiya daidai da fistin. Sau da yawa kuma hannun bakanike ne, wanda ya ɗaura giyar kam alamarta ba ta daidaita da T ba, ya buga kik da ƙarfi. Akwai sauke giya cikin gudu, wanda yake tilasta wa injin juyin da sifirin ba zai iya mayar da bawul a kan lokaci ba, musamman idan sifirin ya yi laushi, saboda haka ka jera tsohon da sabo ka ga ko ya gajarce. Akwai bawul ɗin da yake maƙalewa a gayid saboda kabon ko danƙon tsohon fetur a babur ɗin da ya daɗe a ajiye, da ɗan sukurun kafireta da ya kwance ya bi iska ya shiga, da fulogin da ya fi ƙima tsawo. Masu injin irin na Honda CG125 ba su da sarkar tayimin, sanduna ne suke tura roka daga ƙasa, don haka a wurinsu sai ka gangara sandunan a gilashi su ma. Jincheng AX100 kuwa ba shi da irin wannan bawul ɗin sam.

Dukan da ya lanƙwasa bawul yakan taɓa gayid. Ka duba bakinsa ta cikin rami ko ya tsage, sannan ka zura sabon bawul, ka ɗaga faifan kaɗan daga mazauni, ka girgiza shi gefe da gefe. Ɗan motsi kaɗan dole ne, amma idan yana kaɗawa sosai gayid ya buɗe, abin da muke yawan gani bayan hunturu a baburan da ake hawa da yagaggiyar matatar iska. Ka duba fistin ko ya tsage, ka duba roka.

Sabon bawul ɗin da ka sayo ma ka gangara shi a gilashi kafin ka bar shagon idan mai kaya ya yarda, ka kuma gwada tsawonsa da kaurin sandarsa da na tsohon. Ka sa sabon sil, wato robar da take hana baƙin mai bin sandar bawul, a kan gayid, ka niƙa bawul ɗin kaɗan har zobe mai launin toka ya zagaye bakinsa ba yankewa, ka wanke man niƙan tas kada ko ɗigo ya shiga gayid. Idan sifirin yana da gefen da zagayensa ya fi matsuwa, wannan gefen ne yake kallon tof silinda. Ka sake gwajin fetur kafin ka ɗora. Bayan ka saita tayimin, ka cire fulogi ka juya injin da sifana cikakken zagaye biyu a hankali, idan ka ji ya tokare da wani abu ka tsaya nan take ka sake duba alamominka, kada ka matsa. Sai ya zagaya lafiya za ka saita rata ka buga kik, kuma ka ce wa mai babur ya dawo da shi da sassafe bayan 'yan kwanaki, a bar injin ya huce a sake auna ratar, domin sabon bawul yakan ɗan ƙara zama a mazauninsa.